Ƙwallon Ruwa: Wasan da Ba a Taka Ƙasa a Cikinsa

Duk wanda ya ci karo da ƙwallon ruwa a talabijin lokacin gasar Olamfik, abin da zai fara gani bai wuce kawuna goma sha huɗu sanye da huluna suna kai-komo a cikin tafkin ninƙaya ba, ruwa yana ta fantsama, alƙalan wasa biyu kuma suna sintiri a bakin ruwa suna busa usur kusan ba ƙaƙƙautawa. Abin da yakan rikita baƙo shi ne, ana busa usur ɗin amma babu wanda yake tsayawa, sannan can sai ya ga ɗan wasa guda ya nufi kusurwa shi kaɗai ya bar abokansa cikin matsi, ba tare da an ɗaga masa kati ba. A duniya an fi sanin wasan da sunan polo na ruwa, amma ba shi da wata alaƙa da polon dawaki da aka saba gani a Katsina da Kano da Kaduna, in ban da suna. Ya fi kusa da ƙwallon hannu ta fuskar tsari, yana kuma da ɗan kokawa a cikinsa.

Akwai abu guda da ya kamata mai koyo ya riƙe tun daga farko, domin kusan kowace doka da kowace dabara ta wasan daga gare shi ta samo asali: babu wanda yake tsaye a kan komai. Tafkin da ake manyan wasanni a cikinsa zurfinsa ba ya gaza mita 1.8, sau da yawa ma yakan kai mita 2 ko ya wuce, kuma doka ta hana ɗan wasa dogara da ƙasan tafkin ko riƙe gefensa yayin da ake wasa. Saboda haka mutumin da aka gani ya ɗago har ƙirjinsa ya fito sarari yana jifa, ko mai tsaron raga da ya yi tsalle har cibiyarsa ta bar ruwa, ƙarfin ƙafafunsa ne kawai ya ɗaga shi. Wanda ya zuba wa ƙwallo ido kaɗai ya ga rabin wasan ne, domin sauran rabin yana gudana a ƙarƙashin ruwa inda ’yan kallo ba sa gani, su ma alƙalan ba ko da yaushe suke gani ba.

Tsarin wasan kansa ba shi da wuyar ganewa. Kowace ƙungiya tana da mutum bakwai a cikin ruwa, shida ’yan fili da mai tsaron raga ɗaya, sauran kuma suna zaune a benci, ana iya yin canji sau da yawa, wanda ya fita yana iya komowa. Raga tana yawo ne a kan ruwa a ɗaure da igiyoyi, faɗinta mita 3, tsayinta daga saman ruwa santimita 90. Ƙwallon ta kai girman ta ƙafa, nauyinta tsakanin giram 400 zuwa 450, amma fatarta tana da kaushi don kada ta zame daga hannu idan ta jiƙe, ta mata kuma ta ɗan fi ta maza ƙanƙanta. Har zuwa gasar Olamfik ta Paris a 2024, tsawon filin maza mita 30 ne, na mata 25, faɗinsa kuma 20. Bayan wannan gasa hukumar wasannin ruwa ta duniya ta rage na maza ya koma daidai da na mata domin wasan ya ƙara sauri. Ana yin wasa zango huɗu, kowane zango minti takwas, sai dai agogo yana tsayawa duk lokacin da ƙwallo ba ta cikin wasa, shi ya sa minti 32 ɗin nan sukan ci kusan awa guda. A farkon kowane zango ’yan wasa suna jeruwa a layin ragarsu, a ajiye ƙwallo a tsakiya, a busa usur, kowace ƙungiya ta saki wanda ya fi kowa saurin iyo ya je ya ɗauko ta. Ƙwallaye suna shiga da yawa: wasan ƙarshe na maza a Paris ya tashi Sabiya 13, Kuroshiya 11, kuma irin wannan sakamako ba baƙon abu ba ne.

Aikin ƙafa shi ne tushen komai, kuma a nan ne masu ninƙaya na tsere suke shan mamaki idan suka shigo wannan wasa, domin gwanin tsere ya saba da kwanciya a kan ruwa yana tafiya gaba, alhali ɗan ƙwallon ruwa yana buƙatar ya zauna daram a wuri ɗaya, kansa da kafaɗunsa a waje, hannuwansa kuma ba su da aikin riƙe shi. Yadda ake yi shi ne mutum ya kasance kamar yana zaune a kan kujera, bayansa a miƙe, gwiwoyinsa a buɗe sun fi kafaɗunsa faɗi, sai kowace ƙafa daga gwiwa zuwa ƙasa ta riƙa zana da’ira zuwa ciki, ta hagu da ta dama suna karɓeɓeniya, ɗaya tana danna ruwa ƙasa yayin da ɗayar take komowa, kamar dai yadda maburgi yake juyawa a tukunyar miya. Fa’idar karɓeɓeniyar ita ce jiki ba ya hawa da sauka. Da a ce ƙafafun biyu tare suke bugawa, da mutum zai ɗago ya nutse, ya ɗago ya nutse, kuma duk lokacin da ya nutse abokin karawarsa ya samu damar wuce shi. Idan aka zo yin jifa ko tare jifa, sai ɗan wasa ya ƙara wa juyin sauri, ya rufe da bugu ɗaya mai ƙarfi da ƙafafu biyu, wannan ne yake cilla shi sama na ɗan lokaci. Masu horarwa sukan sa ’yan wasa su ɗaga jarka cike da ruwa bisa kai su yi ta wannan juyi har ruwan jarkar ya tsiyaye, ko kuma mutum biyu su dafa kafaɗun juna kowa yana ƙoƙarin tura ɗan’uwansa baya. Yaron da ƙafarsa ba ta nuna ba, komai ƙarfin damtsensa jifansa ba zai yi nisa ba, domin ƙarfin jifa daga ƙafa yake tasowa, ya bi ta ƙugu da kafaɗa kafin ya isa hannu.

Ita ma ninƙayar ta bambanta da ta tsere. Ana yin ta ne kai a sama, idanu suna kallon fili, hannuwa suna bugawa gajere-gajere da sauri, kuma da wuya ɗan wasa ya yi tafiya mai tsawo a miƙe ba tare da ya tsaya, ya juya, ko ya koma rigingine don ya ga inda ƙwallo take ba. Idan zai tafi da ƙwallo ba riƙe ta yake yi ba, yana barin ta ne a gabansa tsakanin hannuwansa, igiyar ruwan da ƙirjinsa yake turawa ita take ɗauke da ita. Dokar da ta fi ba sabon shiga wahala kuwa ita ce ta hannu ɗaya: in ban da mai tsaron raga a cikin yankinsa, babu wanda aka yarda ya taɓa ƙwallo da hannu biyu a lokaci guda, ko ya naushe ta da dunƙulen hannu. Da hannu ɗaya za ka cafe, da shi za ka jefa. Haka kuma idan abokin karawa ya matsa maka, ba ka da ikon danna ƙwallo ƙarƙashin ruwa don ka ɓoye ta, idan ka yi haka an ba su.

Yanzu sai batun usur, wanda a ganina shi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin wanda ya gane shi ya gane wasan. A ƙwallon ƙafa laifi abu ne da yake katse wasa, kuma ana ɗaukarsa a matsayin abin da bai kamata ya faru ba. A ƙwallon ruwa ƙaramin laifi wani ɓangare ne na tafiyar wasa, ana yin sa sau da dama a kowane zango, wani lokaci ma da gangan. Mabuɗin fahimtarsa shi ne bambanci tsakanin mai riƙe da ƙwallo da wanda ba ya riƙe da ita. Muddin ƙwallo tana hannunka, doka ta ba abokin karawarka damar ya matsa maka, ya danna hannunka, ya yi ƙoƙarin ƙwace ta. Amma da zarar ka sake ta a kan ruwa, idan ya ci gaba da danne ka ko ya hana ka motsi, ya yi laifi. Wannan ne dalilin da ya sa za ka ga ɗan wasa da aka matsa wa ya saki ƙwallo da gangan ya nuna wa alƙali hannunsa, yana neman a busa masa. Idan an busa, alƙali zai nuna da hannu ɓangaren da aka ba ƙwallo, wanda aka yi wa laifi ya sa ta cikin wasa nan take ba tare da ɓata lokaci ba, wanda ya yi laifin kuma dole ya ja baya ya ba shi sarari. Babu mai jiran kowa. A cikin daƙiƙa biyu ko uku da ake wannan ne sauran ’yan wasa suke ƙoƙarin kuɓucewa masu gadinsu, don haka idanun gwanin kallo ba sa kan wanda aka yi wa laifi, suna kan gaban raga.

Me zai sa mai tsaron baya ya yi laifi da gangan? Domin ƙaramin laifi yakan tilasta wa mai kai hari ya miƙa ƙwallo maimakon ya jefa raga, kuma lokaci yana ƙure wa ƙungiyarsa. Sai dai masu tsara doka sun toshe wannan ƙofa ta wani gefen: idan aka yi maka laifi a wajen layin da ke nisan mita 6 daga raga, kana da damar ɗaukar ƙwallo ka jefa raga kai tsaye. Saboda haka yin laifi ga gwanin jifa a wannan wuri kyauta ce aka ba shi.

Babban laifi kuwa shi ne wanda yake sauya wasa. Idan mai tsaron baya ya riƙe, ko ya nutsar, ko ya janyo wanda ba ya riƙe da ƙwallo baya, musamman idan ya riga ya wuce shi, alƙali zai kore shi na ɗan lokaci. Shekaru da yawa wannan kora daƙiƙa 20 ce, ko da yake a sauye-sauyen baya-bayan nan an ɗan taɓa lissafin. Wanda aka kora zai yi iyo zuwa kusurwar da ke kusa da bencinsu ya jira, ba zai dawo ba sai lokacin ya cika, ko an ci su, ko abokansa sun ƙwace ƙwallo. A wannan ɗan taƙi ƙungiya ɗaya tana da ’yan fili shida, ɗayar biyar, kuma kaso mai tsoka na ƙwallayen da ake ci a manyan wasanni a irin wannan yanayi ake cin su. Idan kuma aka yi laifin a kusa da raga ga wanda ba don laifin ba da ya ci, hukuncin shi ne fenariti, wato jifa daga layin mita 5, daga kai sai mai tsaron raga, kuma dole a jefa nan take da jin usur ba tare da yaudara ba. Duk wanda ya tara manyan laifuffuka uku ya gama wasan ranar, sai wani ya maye gurbinsa. Naushi ko harbi da niyyar cutarwa hukuncinsa ya fi haka tsanani: kora gaba ɗaya, sannan ƙungiyarsa ta yi minti huɗu da ragin mutum ɗaya.

Daga nan za a gane dalilin da ya sa ƙungiyoyi suke jeruwa yadda suke yi idan suna kai hari. Mutum biyar suna yin rabin da’ira a gaban ragar abokan karawa, biyu a fukafukai kusa da layin mita 2, biyu a bayansu kaɗan, ɗaya a tsakiya can baya yana rarraba ƙwallo. Na shidan, wanda yawanci shi ne ya fi kowa girman jiki da ƙarfi, yana zama ne a bakin raga ya juya mata baya, da mai gadinsa a manne a bayansa. Ba zai iya matsawa ciki fiye da haka ba, domin doka ta hana mai kai hari shiga yankin mita 2 na gaban raga kafin ƙwallo ta shiga. Kokawar da ke tsakanin waɗannan mutum biyu ita ce zuciyar wasan. Idan na shidan nan, wanda ake kira ɗan tsakiya, ya samu wuri mai kyau aka ajiye masa ƙwallo a kan ruwa a gabansa, mai gadinsa yana cikin tsaka mai wuya: in ya bar shi, zai juya ya jefa, ko ya watsa ta ta bayan hannu ba tare da ya kalli raga ba; in ya riƙe shi da ƙarfi, an kore shi. Shi ya sa ake auna darajar ɗan tsakiya da yawan korar da ya jawo wa abokan karawa, ko da shi kansa bai ci ƙwallo ko ɗaya ba. Masu tsaron baya suna da zaɓi biyu, kuma kowanne yana da farashinsa. Ko dai kowa ya manne wa nasa don kada a samu hanyar miƙa wa ɗan tsakiya, ko kuma ɗaya ko biyu su ja baya su toshe gabansa, su bar masu jifa daga nesa a sake, suna dogara da mai tsaron ragarsu. Mai kallo da ya iya gane wanne daga cikin biyun nan ƙungiya ta zaɓa, ya fara karanta wasan kamar yadda koci yake karanta shi.

Duk wannan yana faruwa ne a ƙarƙashin agogo na biyu, wanda yake ƙidaya lokacin da ƙungiya za ta riƙe ƙwallo kafin ta jefa raga. A Paris daƙiƙa 30 ne, daga baya aka ɗan rage. Idan aka tuna cewa kafin a yi iyo daga wannan raga zuwa waccan an cinye kusan rabin lokacin, za a ga cewa abin da ya rage na shirya hari kaɗan ne ƙwarai. Kuma duk jifan da bai shiga ba haɗari ne, domin abokan karawa suna juyawa nan take su nufi ɗaya ragar, wanda ya makara da bugun hannu ɗaya ba zai ƙara cim ma nasa ba. Mai tsaron raga, wanda ake gane shi da jar hula, shi ne yakan fara wannan hari da doguwar miƙa, bayan ya tare ƙwallon da gudunta a hannun manyan ’yan wasa maza yakan wuce kilomita 70 a awa, wani lokaci kuma an buga ta a kan ruwa da gangan don ta yi tsalle ta sauya hanya.

Ba zan ɓoye cewa wasan yana da ɓangarensa mai muni ba. Ana jan wando, ana riƙe ƙugu, ana tokari da gwiwa a inda alƙali ba ya gani. Saboda haka ne ake duba faratan ’yan wasa kafin a shiga ruwa, aka hana shafa mai a jiki, aka kuma sa wa hulunan marufin roba mai tauri a kan kunnuwa, domin ƙwallo mai gudu idan ta sauka a kan kunnen da ruwa ya cika tana iya fasa dodon kunne. Hulunan su ne kuma rigar wasa, tunda jiki yana cikin ruwa: ƙungiya ɗaya fari, ɗayar shuɗi ko wani launi mai duhu, kowace hula da lambarta. Ra’ayina shi ne duk kocin da ya fara koya wa yara dabarun ɓoye kafin su iya aikin ƙafa ya cuce su, domin riƙo da ja makamin wanda aka riga aka wuce ne, kuma a gaban alƙali mai ido ƙarshensa kora.

Wannan kaushi gado ne daga asalin wasan. An fara shi ne a Birtaniya a rabin ƙarshe na ƙarni na 19, a koguna da tafkuna da wuraren wanka na jama’a, a matsayin abin nishaɗantar da ’yan kallo a bukukuwan ninƙaya, kuma a farkonsa ya fi kama da zari-ruga a cikin ruwa, inda ake ɗaukar ƙwallo da ƙarfin tsiya a kai ta ƙarshen fili. Wani malamin ninƙaya ɗan Sikotland mai suna William Wilson shi ne ya tsara dokokin farko a 1877, kuma salon mutanen Sikotland, wanda ya fifita miƙa ƙwallo da jifa a raga a kan kokawa, shi ne ya yi rinjaye daga baya. A 1890 aka yi wasan ƙasa da ƙasa na farko, Sikotland ta ci Ingila 4 da nema. Shekara goma bayan haka wasan ya shiga Olamfik a Paris, a 1900, abin da ya sa yake cikin tsofaffin wasannin ƙungiya a tarihin gasar, kuma Birtaniya ce ta mamaye shekarun farko.

Amma ƙasar da ta mayar da shi yadda yake a yau ita ce Hungari, ƙasar da ba ta da gaɓar teku ko kaɗan. Abin da take da shi shi ne maɓuɓɓugan ruwan zafi masu yawa da tsohuwar al’adar wuraren wanka na jama’a, musamman a Budapest, wanda ya ba matasanta damar shiga ruwa rani da damina, har da tsakiyar hunturu. A ƙarshen shekarun 1920 kocinsu Béla Komjádi ya yaɗa dabarar miƙa ƙwallo daga hannu zuwa hannu ta sama ba tare da ta taɓa ruwa ba, alhali kafin nan an saba jefa ta ta faɗi a ruwa sannan a ɗauka. Wannan sauyi ya ninka saurin wasan, ya kuma sa aikin ƙafa ya zama wajibi, tunda ba za ka cafe ƙwallo a sama ba sai ka ɗago. Cikin ’yan wasan wancan zamani akwai Olivér Halassy, wanda aka yanke wa ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa tun yana yaro sakamakon haɗari, amma ya ci azurfa a 1928 da zinare a 1932 da 1936. Duk wanda ya gwada zama a kan ruwa da ƙafa biyu na minti ɗaya zai san girman abin da wannan mutum ya yi. Hungari ta ci zinaren Olamfik sau tara a ɓangaren maza, uku daga ciki a jere, a 2000 da 2004 da 2008.

Wasan da ya fi kowanne shahara a tarihi shi ma nata ne. A ranar 6 ga Disamba 1956, a Olamfik ta Melbourne, Hungari ta haɗu da Tarayyar Sobiyet, makonni kaɗan bayan tankokin Sobiyet sun murƙushe boren jama’a a Budapest. An yi wasan cikin naushi da riƙo tun daga farko, Hungari tana gaba da ci 4 da nema, sai Valentin Prokopov ya naushi Ervin Zádor a fuska gab da tashi. Zádor ya fito daga ruwa jini yana zuba daga gefen idonsa, ’yan kallo suka yunƙuro zuwa bakin tafkin, aka tsayar da wasan kafin lokaci ya cika. Hungari ta ci gaba ta doke Yugoslabiya ta ɗauki zinare, Zádor kuma yana cikin ’yan wasan da ba su koma gida ba bayan gasar, ya zauna a Amurka.

A yau ƙarfin wasan maza yana tattare ne a kudanci da tsakiyar Turai: Sabiya, wadda ta ci zinare sau uku a jere a Rio da Tokyo da Paris, sai Kuroshiya, Montenegro, Italiya, Sifaniya, Girka da ita Hungari. Mata kuwa sun jira shekara ɗari cif kafin a buɗe musu ƙofar Olamfik, kuma ba a buɗe ta cikin ruwan sanyi ba, sai da ’yan wasan Ostireliya suka yi ta zanga-zanga da matsa wa hukumomi lamba kafin gasar Sydney ta 2000. Su ne kuma suka ci zinaren farko, suka doke Amurka 4 da 3 da ƙwallon da ta shiga ana saura daƙiƙu a tashi. Daga baya Amurka ta ci sau uku a jere, a Landan da Rio da Tokyo, biyu na ƙarshe da Ashleigh Johnson a raga, baƙar fata ta farko da ta wakilci Amurka a wannan wasa a Olamfik. A Paris Sifaniya ce ta karɓe kambun.

A Afirka, Masar da Afirka ta Kudu ne suka fi daɗewa a cikinsa, kuma Afirka ta Kudu ta kai ƙungiyar maza da ta mata gasar Tokyo. Abin da ya taƙaita yaɗuwarsa a sauran wurare a bayyane yake. Ƙwallon ƙafa tana buƙatar fili da duwatsu biyu ne kawai, wannan kuwa yana buƙatar tafki mai zurfi, ruwa mai tsabta da ake tacewa, da wanda zai kula da shi duk shekara, kuma akasarin tafkunan otal-otal da ake da su a biranenmu an gina su ne don wanka da shaƙatawa, rabinsu bai wuce ƙugu ba. Duk da haka labarin Hungari ya nuna cewa nisa da teku ba shi ne cikas ba, samun wurin atisaye na dindindin da malami shi ne abin nema. Ko a ƙasashen da wasan ya kafu, yara ƙanana suna farawa ne a ruwa mara zurfi, da ƙaramar ƙwallo da ƙaramar raga, ana sassauta musu dokar taka ƙasa har sai sun saba.

Ga wanda yake son gwadawa, sharaɗin farko shi ne ya iya ninƙaya sosai, har ya iya zuwa da komowa a tsawon tafki sau da yawa ba tare da ya kama gefe ba. Wannan ba wasan da ake koyon iyo a cikinsa ba ne, kuma bai halatta a kwaikwaye shi a kogi, ko dam, ko kududdufin da damina ta cika ba, domin wasa ne da ake danne juna a cikinsa, kuma a ruwan da ba a ganin ƙasansa babu mai lura da wanda ya nutse bai ɗago ba. A kowane atisaye dole a samu babba mai iya ceto yana tsaye a waje yana kallo, ba ya cikin wasan. Bayan iyo sai aikin ƙafa, a fara shi a zaune a bakin tafki don gwiwa da idon sawu su saba da juyin, sannan a shiga ruwa ana taimakawa da hannuwa, sannan a ɗaga hannu ɗaya, sannan biyu. Gwiwa da kafaɗa su ne gaɓoɓin da suka fi jin jiki a wannan wasa, don haka gaggawa a makonnin farko ba ta haifar da komai sai ciwo. Cafe ƙwallo da hannu ɗaya ana iya koyonsa a tudu ma, da bango ko da aboki, ana barin hannu ya bi ƙwallon baya kaɗan idan ta iso maimakon a tare ta da tauri, kuma yana da kyau a horar da hannun hagu tun da wuri, domin ƙungiyoyi suna neman bahago ruwa a jallo saboda kusurwar da yake samu idan yana jifa daga ɓangaren dama na raga. Ɗaukar ƙwallo daga kan ruwa kuma ana koyonta ne ta ƙasa, a zura tafin hannu ƙarƙashinta a ɗago, domin sabon shiga da ya dafa ta daga sama yakan danna ta cikin ruwa, kuma idan akwai mai gadi a jikinsa alƙali zai busa ya ba abokan karawa.